Kyandir da Kwalin Ashana

A Furnas muke, a bakin dutse mai aman wuta
wanda ya yi barci bai rufe baki ba.
Ƙasarmu numfashi take yi.
Mukan binne tukunya da sassafe a gefen tafki,
kafin ƙararrawar coci ta buga sha biyu
nama ya saki ƙashi, ba itace, ba toka.
Wanda ƙasa ke dafa wa abinci kyauta
ba ya tambayar me take fitarwa da dare.

Gervásio ya tambaya.
Shekara arba'in da ɗaya, kafin ya sauka ɗakin ƙasa
inda muke ajiye gwaza da dankali,
sai ya ɗaure kyandir a igiya ya zura.
In harshen wuta ya tsaya, ya bi shi.
In ya durƙusa ya mutu, sai ya ce,
"Idalina, yau mai gidan na ciki,"
ya buɗe taga, ya koma kan shayinsa.
Iskar ba ta da wari, ba ta da launi,
nauyi gare ta, takan kwanta kamar ruwa a kwari.
Ita ta ɗauke mana kare shekarar ambaliya,
muka same shi kwance kamar mai jiran a kira shi.

Gervásio ya tafi. Ba iska ba ce, zuciya ce.
Hannuna kuma ya soma rawa, igiya ba ta tsayuwa.

Sai jikata Noémia ta zo daga Ponta Delgada
da wani abu kamar kwalin ashana.
Ta kafa shi a bango, ƙasa-ƙasa, daidai idon sawu.
Na ce, "Wannan ɗan mitsitsin hanci gare shi?"
"Ido gare shi, Kaka.
A ciki akwai fitila kamar ƙwayar shinkafa,
haskenta ya wuce ja, idonmu bai kai can ba.
Yana kai da komo tsakanin madubai,
a filin da bai fi gaɓar yatsa ba,
har ya isa wurin mai jiransa.
Kowace iska da irin hasken da take ci.
In wannan ta shiga, sai ta gutsuri rabonta.
Mai jira ya san nawa aka aiko,
sai ya ƙirga abin da bai iso ba."

Na yi shiru.
Wannan lissafin ai na iya shi:
har yau kofi biyu nake saukewa
in mayar da ɗaya.

Wata takwas bai ce uffan ba.
Ina goge shi, ina harararsa.
Sai wani daren Janairu, ruwa kamar da bakin ƙwarya,
gyangyaɗi ya sace ni a gajeriyar kujerar kicin
kusa da ƙofar da na manta ban ja ba.
Ƙarfe uku ya tsala ihu.
Na farka kai na sarawa, numfashi guntu-guntu,
waya na kuka a aljihu, muryar Noémia a ciki:
"Hau sama! Bar takalmin, Kaka, hau!"
Na hau da ƙafa ɗaya a takalmi,
na banke taga, na sha ruwan sama da baki buɗe.

Da gari ya waye, duk da haka,
na ɗauko igiyar, na zura kyandir.
Mataki na farko. Na biyu.
A na uku ya durƙusa.
Na ce wa kwalin, "To, ba ka yi ƙarya ba."

Noémia ta ce in jefar da kyandirin.
Yana nan a ƙusa, saman kwalin,
da shatin babban yatsan Gervásio a jikinsa.
Ta ce batirin zai kai shekara goma.
Na ce madalla,
sai ki koya masa ƙirga kofuna.